Kurakuran da ke hana masu aikin CNA a Amurka ci gaba

Sababbin shiga aikin CNA, wato mataimakin nas, kurakurai iri ɗaya suke ta maimaitawa har abin ya gundure ni.

Na farko, biyan kuɗin horo ba tare da tambaya ba. Dokar tarayya ta 1987 ta wajabta horon aƙalla awa 75. Idan gidan kula da tsofaffi mai karɓar Medicare ko Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, ya ɗauke ka kafin ka fara horon, ba za ka biya ko kwabo ba. Idan da kuɗinka ka yi, kuma irin wannan gida ya ɗauke ka cikin wata 12 bayan ka gama horon, kana da haƙƙin a mayar maka da wani kaso. Ka adana rasit.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne zaɓen makaranta in an tashi zama LPN (ƙaramin nas mai lasisi) ko RN (cikakken nas). Mutum ya shekara biyar yana ɗaga marasa lafiya, bayansa ya ƙage, sannan ya kwashi guminsa ya miƙa wa makarantar da ta ce za ta ba shi digiri cikin wata shida! Haba jama'a! Karatun LPN kusan shekara ɗaya ne, na RN biyu ko huɗu, kuma dole ka ci NCLEX, wato jarrabawar samun lasisin nas. A Janairun 2023 hukumomi suka bankaɗo wasu makarantu a Fulorida da suka sayar da takardun shaidar karatun nas na bogi fiye da 7,600, jihohi suka bi masu saye suna ƙwace lasisi. Ni ba na yarda da talla. Shafin hukumar nas-nas ta jiha nake buɗewa in ga ko ta amince da makarantar, sannan in duba yawan ɗalibanta da suka ci NCLEX a zaman farko. In babu sunanta, kada ka biya.

Sai sakaci da rajista, wato jerin sunayen masu aikin CNA da jiha ke ajiyewa. Wata 24 a jere ba ka yi aikin jinya na albashi ba, sai ka sake jarrabawa, wata jihar har da horo. Masu tafiya gida su daɗe, ku lissafa. In za ka sauya jiha, nemi canjin rajista tun kafin ka tashi.

Kada ka ba da magani ba tare da izinin jiha ba. Kada ka ɗaga mara lafiya kai kaɗai in an rubuta mutum biyu, domin in ya faɗi aka tabbatar da sakaci, sunanka zai shiga rajista da tabo, gidajen tsofaffi ba za su ɗauke ka ba muddin tabon yana nan.