Darasi na Shida: Hana Tumatir da Albasa Ruɓewa Bayan Girbi

'Yan uwa manoman rani na Dadin Kowa da masu sari a kasuwar Kwadon, mu bi darasin nan a hankali. Wanda bai gane ba ya tambaya, ba abin kunya ba ne.

Fumfuna ita ce gashi-gashin nan fari ko baƙi da ke fitowa a jikin tumatir. Ta wurin rauni take shiga: tsaga, hujin tsutsa, ko inda farce ya karta. Zafi da laima ne ke rayar da ita.

Tsinka

A tsinka da safe bayan raɓa ta bushe, ko da la'asar sakaliya. Ajiyewa ake yi a kwando, ba jefawa ba. A kai inuwa nan take.

Warewa

Nan ne aka fi yin kuskure. Shimfiɗa tabarma a inuwa. Ɗauki tumatir guda ɗaya. Juya shi. Duba wajen da ya rabu da kara, duba ƙasansa. Lafiyayye ya tafi dama. Mai tsaga ko taushi ya tafi hagu, a yi miya da shi yau, ko a yanka a shanya ya zama kauɗa. Mai fumfuna kuwa a haƙa rami nesa da gona a binne shi.

Ɗauki na biyu. Juya shi. Duba. Madalla, haka ake yi. Washegari a sake warewa, domin raunin da bai nuna jiya ba yau zai nuna.

Haba jama'a! An sha faɗa, amma har yanzu wasu na tura mai rauni ƙasan kwando su jera masu kyau a sama. Kafin mota ta kai Bauchi ruwansa ya jiƙa sauran, asarar kuma taku ce. A ware, a kuma warewa.

Zubawa

Kada a cika kwando har ya yi tozo, na ƙasa ne ke fashewa. Kiret na roba ya fi, don iska na ratsa shi. A wanke shi da sabulu, a shanya a rana.

Albasa

A bari wuyanta ya bushe sarai kafin a yanke lawashi, a bar tsawon yatsu biyu. A ajiye inda iska ke shiga, ba a ƙasa mai laima ba. Ita ma a ware.

Attaruhu da tattasai

Kamar tumatir. A shanya bisa tabarma, ba a gefen titi ba.