Masu Awon Gona da GPS: Kurakuran da Aka Fi Yi a Ƙauyukan Kano da Jigawa

Babban kuskuren masu awo shi ne ƙarasa aiki bayan magariba da tocila, don gudun zafin Maris da Afrilu. Lokacin ne mafi muni. Daga can sama, wajen kilomita 300, akwai iska mai ɗauke da cajin lantarki, ionosifiya, kuma ta cikinta saƙon taurarin GPS yake ratsowa daga nisan kilomita 20,200. Rana na faɗuwa sai ƙasan wannan shimfiɗa ya sirance, wasu manyan kumfa marasa caji sosai su yunƙura sama. Saƙon da ya bi ta cikinsu sai ya riƙa rawa kamar kawalwalniya, na'ura ta rasa tauraro, alamar iyaka ta goce. Yankinmu ba shi da nisa da layin maganaɗisun da ya raba duniya biyu, inda kumfan suke tashi. Taurarin bincike irin su C/NOFS na Amurka (2008) da Swarm guda uku na Turai (2013) sun sha ratsa su, kuma sun nuna Afirka na cikin wuraren da suka fi yawa. Gyaran mai sauƙi ne: a yi awo da safe.

Wasu kuma suna duban sama su ga garau, su ce ba matsala. Kumfan ba gajimare ba ne, ido ba ya ganinsu, kuma ba ruwansu da hazon hunturu.

Akwai masu tsammanin na'ura mai karɓar saƙon GPS a zangon rediyo biyu ta gama magana. Tana rage kuskuren da jinkirin saƙo a cikin ionosifiya ke jawowa, amma ba ta hana shi yankewa. Kada kuma a jingina wa kumfan kowane laifi: dish ɗin talabijin da ya ɗauke ana hadari, ruwan sama ne.

Wanda ya fi damuna shi ne dogaro da awo ɗaya a rabon gado ko rikicin iyaka. Taku biyar a gefen gona ya isa ya raba 'yan'uwa. A maimaita awon wata rana daban, a rubuta lokacin da aka yi kowanne, sannan a kafa dutse a gaban mai unguwa da maƙwabtan gonar. A ƙara kula a shekarun da rana ta fi tashin hankali a zagayenta na kusan shekara 11, kamar 2024, domin a lokacin matsalar kumfan ta fi tsanani.