Kafin ka sayi sabuwar eriya: kurakuran da ke raunana Wi-Fi a gida

Kwanan baya wani maƙwabcina a Mabera, Sakkwato, ya kira ni in duba masa rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida. Ya sayi dogayen eriya biyu, amma a zaure ko saƙon WhatsApp ba ya fita. Na tarar da rautar a ƙasa bayan talabijin, an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. Na ce, "Malam, ai ba eriya ce matsalarka ba."

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne rashin bambance sabis biyu. Akwai wanda ke zuwa daga turken kamfanin waya zuwa rauta mai SIM, akwai kuma Wi-Fi da rautar ke rabawa cikin gida. Tsaya dab da ita ka gwada. In a nan ma intanet na jan ƙafa, matsalar daga waje take: eriyar 4G kake buƙata a kan rufi, tana fuskantar turken, da gajeriyar wayar haɗa ta da rautar, domin duk tsawon da ka ƙara, sabis raguwa yake yi a hanya. Ka kuma duba bakin eriyar kafin ka biya. Na Wi-Fi galibi RP-SMA ne, na 4G kuwa SMA ko TS9.

Wasu kuma sai su auna ɗaki da tsinin eriya kamar mai haska tocila. Eriya mai siffar sanda ta gefenta take watsa sabis, tsinin ba ya ba da abin kirki. Tsayar da ita cak. Mai dBi (lambar da ke nuna yadda eriya ke tattara sabis) da yawa ma ba ƙarfi take ƙirƙirowa ba, shimfiɗa shi take yi a kwance, shi ya sa na kan bene yakan rasa.

Katangar laka mai kauri, ƙofar ƙarfe, firji da tankin ruwa duk suna tare sabis. In katangu sun yi yawa, shiga saitin rautar ka koma kan zangon 2.4 GHz, ya fi na 5 GHz ratsa bango, ka zaɓi tasha ta 1, 6 ko 11. Ƙyallen nan kuwa a cire shi, don Allah. A Afrilu zafin Sakkwato na haura digiri 40, rautar da ba ta shan iska kuma sai ta riƙa yankewa.

Ta maƙwabcina, kan kantar ajiye kaya muka ɗora ta kusa da tagar da ke kallon tsakar gida, muka tsayar da eriyoyin. Kafin la'asar yana zaune a zaure yana kiran ɗansa ta bidiyo.