Darasi na 7: Wa ke cin wutar gidanmu?

Idan kuɗin wuta ya yi yawa, faɗan gida yakan faɗa kan wanda ya bar ƙwai a kunne. Ba laifi a yi faɗan. Sai dai sau da yawa ba ƙwan ba ne babban ɓarawo.

Ku ɗauko dutsen guga, ku duba jikinsa. Za ku ga lamba, da harafin W a gefenta. Wannan W ita ce wat, ma'aunin cin wuta. Abin da ke cin wat 1,000, idan ya yi awa ɗaya yana aiki, ya cinye yunit ɗaya. Yunit kuma shi mita ke ƙirgawa, shi ake biya.

Mu yi lissafi tare. Tsohon ƙwai mai zafi na wat 60, a kunna shi awa 5 kullum: 60 sau 5, 300 ke nan. A kwana 30 ya zama 9,000, wato yunit 9. Ƙwan zamani da ake kira LED, na wat 9, yana ba da haske kusan iri ɗaya, amma a wata guda ko yunit ɗaya da rabi bai ci ba. Dalili kuwa, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da tsohon ƙwai ke sha zafi take zama, ba haske ba. Wanda ya taɓa ƙona yatsa garin cire shi ya sani.

To, ga inda maganar take. Duk abin da aikinsa ɗumamawa ne ko sanyayawa, shi ne mai babban ciki. Dutsen guga yakan kai wat 1,000. Hita da murhun lantarki sukan wuce haka. Na'urar sanyaya ɗaki tana cin abin da fanka goma ba za su ci ba. Saboda haka a tara kayan guga a goge su a zama ɗaya, ba riga ɗaya da safe ɗaya da yamma ba. A tafasa ruwan da ake bukata kawai, a rufe tukunya. Firji kuwa dare da rana yake aiki, don haka kada a sa masa abu da zafinsa, kada a manna shi da bango, kuma a daina buɗe shi ana tsaye ana tunanin abin da aka zo ɗauka.

Talabijin da aka kashe da rimot tana ci gaba da tsotsa kaɗan-kaɗan. A kashe daga soket.

Wutar nan ba daga bango take fitowa ba. Kusan kashi 60 cikin 100 na lantarkin duniya ana samun sa ne ta ƙona kwal da iskar gas da mai. Waɗannan sun yi miliyoyin shekaru a ƙarƙashin ƙasa kafin su samu, kuma hayaƙinsu yana ƙara ɗumamar yanayi. Mai janareta shi da hancinsa yake shaƙar nasa. Wanda ke da niyyar sa sola, ya fara rage cin wutar tukuna, don gidan da ke ci kaɗan farantin sola kaɗan da ƙaramin batir sun ishe shi.

Aikin gida: ku rubuta sunan kayan wuta biyar na gidanku da wat ɗin kowanne. Ku ja layi a ƙarƙashin wanda ya fi ci, ku zo da shi aji.