Yadda ake mayar da binciken jin daɗin jama'a maƙala har a buga a mujallar ilimi

Duk wanda ya yi aiki a ofishin walwala na ƙaramar hukuma, ko sashen jin daɗin marasa lafiya na asibiti, ko sansanin 'yan gudun hijira, ya san abubuwan da ba sa cikin littafi. Ya san abin da ke hana matar da mijinta ya sake ta zuwa kotu neman kuɗin ciyar da 'ya'ya, ya san inda yaron da ya gudu daga tsangaya yake kwana. Sai dai wannan sanin yakan ƙare ne a cikin fayil, ko a kundin digiri da ke shan ƙura a ɗakin karatu, alhali masu tsara manufofi abin da aka buga suke dubawa. Ga yadda ake fito da shi.

Mataki na 1: Tsamo tambaya guda

Kundin digiri babi biyar ne, maƙala kuwa tambaya ɗaya take amsawa. "Matsalolin almajirai a Arewa" ba tambaya ba ce, teku ce. Ka rage ta har ta zama abin da za ka iya ɗauka. Misali, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyinsu. Wa'adin ya wuce. Ofisoshi nawa ne a garinku mai keken guragu zai shiga ba tare da an ɗauke shi ba? Ko ka ɗauki Dokar Haƙƙin Yara ta 2003: idan aka kawo wa jami'in walwala yaron da aka ci zarafinsa, wa yake fara nema, 'yan sanda, mai unguwa ko Hisbah, kuma me ya sa?

Mataki na 2: Izini, tun kafin ka yi hira da kowa

A nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Mujallun kirki suna tambayar shaidar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: kwamitin ba ya ba da izini kan aikin da aka riga aka gama. Jami'o'i da asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya na jihohi suna da irin waɗannan kwamitoci, kuma Najeriya tana da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa tun 2007. Ka kai musu tsarin bincikenka da tambayoyinka da takardar yarda.

Takardar yardar ta kasance da harshen da mutum yake ji. Idan ba ya karatu a karanta masa, ya dangwala a gaban shaida. Abin da ya fi takardar muhimmanci shi ne wannan: kai ne mai rabon tallafi, ko haka suke ganinka. Bazawarar da take jiran sunanta ya fito a jerin masu karɓar kayan abinci ba za ta ce maka a'a ba, ko da ba ta son maganar. Ka faɗa mata a fili cewa ƙin yin hira ba zai rage mata komai ba, in ma zai yiwu ka bar wani ya yi hirar. Haka nan izinin maigida na shiga gida daban, yardar matar gidan daban. Yaro kuma sai da yardar waliyyinsa da tasa.

Fayilolin ofis amana ne, ba naka ba ne don kawai makullin yana hannunka. Sauya suna kaɗai ma ba ya ɓoye mutum. Idan ka rubuta cewa matar limamin ƙauye kaza ce mai 'ya'ya bakwai, kowa ya gane ta. Ka cire sunan ƙauyen, ka ce "mai shekaru talatin da wani abu".

Mataki na 3: Zaɓi mujalla kafin ka fara rubutu

Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga. Kowace mujalla tana da adadin kalmominta da salon jera manazarta, wato ayyukan da marubuci ya dogara da su, da irin masu karatunta. British Journal of Social Work, wadda madaba'ar Jami'ar Oxford ke bugawa, da International Social Work ta kamfanin SAGE, manya ne, gasar shiga cikinsu mai zafi ce. A nahiyarmu akwai African Journal of Social Work da ke da tushe a Zimbabwe, da Social Work/Maatskaplike Werk ta Jami'ar Stellenbosch a Afirka ta Kudu. Shafin intanet na AJOL (African Journals Online) yana tattara ɗaruruwan mujallun Afirka wuri guda. Ka sauke maƙalu uku na baya-bayan nan daga wadda ka zaɓa, ka karanta su da biro a hannu, sannan ka karanta ƙa'idojin marubuta har ƙarshe.

Mataki na 4: Gane mujallun 'yan damfara

Da zarar sunanka ya fito a wani taro, saƙonnin imel za su fara zuwa: suna kiranka babban farfesa, suna alkawarin bugawa cikin mako guda, kuɗin kuma da dala. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Jami'ar Colorado ta Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana tattara sunayen irinsu, har ya sauke jerin nasa a Janairun 2017. Alamominsu sanannu ne: mujalla ɗaya tana buga aikin gona da injiniyanci da walwala a fitowa guda, ba adireshi takamaimai, editocin kuma in ka bincika ba ka samun su a jami'o'in da aka ambata. Ka duba sunan mujallar da kanka a DOAJ, shafin da ke jera mujallun da aka tantance masu karantuwa kyauta, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, ko a jerin Scopus, wata ma'adanar mujallun da aka tantance. Kada ka yarda da tambarin da suka manna a shafinsu.

Ba duk mai neman kuɗi ne ɗan damfara ba. Wasu mujallun kirki suna karɓar kuɗin bugawa don kowa ya karanta kyauta, wasu suna yafewa ko ragewa ga marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi idan an nema, da yawa kuma ba sa karɓar ko sisi. Na san lokacin ƙarin girma yana matse malamin jami'a, amma sauri ya haifi nawa. Aikin da ka zuba a mujallar banza ya tafi ke nan, ba za ka sake buga shi a wani wuri ba.

Mataki na 5: Rubutun kansa

Fara da bayanin yadda ka yi binciken: mutum nawa, a ina, yaushe, ta yaya ka zaɓe su. Sai sakamako, sai tattauna shi, sannan gabatarwa. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙalar, da fitilun kalmomi, wato muhimman kalmomin da za a nemo ta da su, su zo a ƙarshe, domin sai an san abin da aka faɗa ake taƙaita shi. Manhajar Zotero kyauta ce, za ta jera maka manazarta a salon da mujallar ke so. Maganar wani kuwa, ko jimla ɗaya ce, ka ambaci mai ita.

Hirarrakinka da Hausa ka yi su, maƙalar kuma da Ingilishi za ta fita. Kalmomi irin su kunya, riƙo, yaji da zumunci ba su da takwarori daidai a can. Ka bar su da Hausarsu ka yi bayani. Ba rauni ba ne: ma'anar aikin jin daɗin jama'a da ƙungiyoyin duniya na wannan fanni suka amince da ita a Melbourne a 2014 ta sa ilimin gargajiya na al'ummomi cikin ginshiƙan sana'ar.

Sashen shawarwari shi ne ya fi shan wulaƙanci a hannunmu. "Ya kamata gwamnati ta tashi tsaye" ba shawara ba ce. Ka faɗi ma'aikatar, ka faɗi sashen dokar, ka faɗi abin da jami'in walwala zai yi daban ranar Litinin da safe. Sunayen marubuta kuma na waɗanda suka yi aikin ne, ba a sa sunan shugaban sashe don gaisuwa.

Mataki na 6: Turawa da jira

Ka buɗe lambar ORCID, kyauta ce, ita ke bambanta ka da masu irin sunanka. Cire sunanka daga jikin maƙalar idan mujallar tana ɓoye sunan marubuci ga masu tantancewa, wato masanan da take ba su maƙala su duba kafin a buga. Mujalla ɗaya ake tura wa a lokaci guda. Jiran yakan kai watanni. Idan amsa ta zo da buƙatar gyara mai yawa, wannan albishir ne. Ka ajiye ta kwana biyu zuciya ta huce, sannan ka yi jadawali: abin da mai tantancewa ya ce, abin da ka gyara, da shafin da gyaran yake. Inda ba ka yarda ba ka kawo hujja cikin ladabi. In an ƙi ta gaba ɗaya, ka yi amfani da sharhin ka tura wa wata mujallar.

Mataki na 7: Bayan ta fito

Daraktan walwala ba zai karanta shafi ashirin ba. Ka taƙaita sakamakon a shafi biyu, da Hausa da Ingilishi, ka kai ma'aikatar da kanka, ka kai wa reshen ƙungiyar ma'aikatan jin daɗin jama'a na jiharku, ka nemi fili a gidan rediyo. Sannan ka koma unguwar da ka yi hira, ka yi sallama da mai unguwa, ka karanta wa mutanen abin da ka rubuta a kansu.