Darasi na 9: Kanta daga tsohon allon zamiya

A kasuwar gwanjo, cikin tarin kayan wasan yara da ake shigo da su daga Turai, wani lokaci za ku ga wani allo mai taya huɗu ƙanana a ƙasansa. Bakinsa biyu sun ɗan ɗago sama kamar kwalekwale. Shi ne allon zamiya. Matasa ke hawa kansa su ture ƙasa da ƙafa ɗaya, ya tafi da su. Wasan ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950, kuma ya shiga gasar Olamfik a karon farko a birnin Tokiyo, a 2021. A ƙarshen 2021 ɗin aka buɗe masa fili na musamman a Akara, babban birnin Gana.

Mu ba hawa za mu yi ba. Katakon muke so. In taya ta lalace, mai kaya yakan sayar da allon da araha, wani ma ya jefa shi cikin itacen girki. Wannan asara ce, domin ba kowane kafinta ke da katako mai ƙwarinsa ba.

Ku san katakon

Allo na ƙwarai ba falle ɗaya ba ne. Falle 7 ne na itacen mapul, aka manna su da gam, aka danne a inji har suka zama abu guda. Mapul ita ce bishiyar da ganyenta ke jikin tutar ƙasar Kanada. Ku juya allon ku dubi gefensa, za ku iya ƙirga fallayen da farce. Wasu an rina su ja ko shuɗi kafin a manna, shi ya sa gefen yake fitowa da zane kamar saƙi.

Ku ɗauko tef ɗin awo. Tsawonsa kusan inci 32 ne, wato santimita 80. Faɗinsa kusan inci 8, wato santimita 20. Kowa ya auna da hannunsa, ya karanta lambar da ƙarfi, sannan ya rubuta ta. Kada wanda ya iya ya karɓe tef daga hannun wanda bai iya ba.

Kafin ku biya kuɗi ku duba abu biyu. In ruwa ya shiga allon har fallayen sun fara buɗewa kamar littafi, ku bar shi. In kuma na roba ne, ba shi muke nema ba.

Gyaran allo

Da farko a kwance tayoyin. Noti 8 ne ke riƙe da su, 4 a gaba, 4 a baya. Sifana ƙarama da sukundireba sun isa. Ku adana notocin cikin gwangwani, za mu koma kansu.

Aikin da ke cin rai shi ne ɓare baƙar takardar nan mai kaushi da ke saman allon. An manna ta ne don kada ƙafa ta sulɓe, kuma gam ɗinta ba na wasa ba ne. A ƙasashen sanyi sai sun hura mata zafi da na'urar busar da gashi. Mu Allah ya hutar da mu. Ku shanya allon a rana da azahar, kamar awa ɗaya, har ya yi zafin da hannu ba ya son daɗewa a kai. Sai ku sa reza ku ɗaga bakin takardar, ku ja a hankali. Mai gaggawa zai yage ta gutsi-gutsi, ya wuni yana tsinta. In ta fara gardama, a mayar rana. Sauran gam da ya maƙale a goge shi da tsumma da ɗan kananzir, nesa da murhu.

Bayan ya bushe, a goge da samfefa, mai kaushi tukuna, sannan mai laushi. Ku ɗaure hanci da ƙyalle saboda ƙura. Ku ba gefen lokaci sosai, nan ne kyan yake. Ni ban so a shafe shi da fenti. Banish sau biyu ya fi, don fallayen su fito.

Kafawa a bango

Ku kai allon wurin mai walda, ya yi muku ƙarfe 2 masu kwana irin harafin L, ya huda su daidai da ramukan da tayoyi suka bari. Da tsofaffin notocin nan za ku ɗaure. Gefen da aka ɓare wa takarda shi ne sama, don bakunan da suka ɗago su tare kaya kada su zube.

A nan na taɓa yin kuskure. Kantar da na fara yi, ƙusa na buga kai tsaye cikin bulo. Kwana uku ta yi, ta faɗo da kwalaben turaren maiɗakina, ɗakin ya yi mako yana ƙamshin humra. Bulo ba ya riƙe ƙusa. A huda bango, a cusa ɗan guntun itace ko robar da ake sayarwa don haka, sannan a murɗa sukuru a ciki. In bangon ƙasa ne, a kafa turaku 2 dogaye su shige sosai, a ɗora allon a kai, kuma a riƙa duba gara.

Don kada ta karkace, ku zuba ruwa rabi a gorar roba, ku kwantar da ita a tsakiyar allon. In ruwan ya taru gefe guda, wannan gefen ya yi ƙasa. Ku gyara kafin ku ɗaure. Kantar za ta ɗauki rediyo, littattafai, fitila da kayan kwalliya. Tukunyar ruwa ba wurinta ba ne.

Aikin gida

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: allo, kanta, noti, zarto, awo.

Kowane ƙarfe yana da rami 2 na bango da rami 2 na allo. Ƙarfe 2 rami nawa ke nan?

Ku je kasuwa ku tambayi kuɗin samfefa, banish da sukuru 4. Ku rubuta, ku haɗa jimla, ku zo da takardar ranar darasi na gaba.