Yadda ake shirya ranar kimiyya a makarantar ƙauye da kayan da ke cikin gari

Yawan jawabi ne ke kashe ranar kimiyya a makarantun karkara. A kafa rumfa, a jera kujeru, babban baƙo ya makara, yara na zaune a rana tun hantsi, can wajen azahar wani malami ya zuba wani abu a kwalba daga nesa, a yi tafi, a watse. Yaron da ke layin baya bai ga komai ba. Ƙa'idar da za a gina ranar a kanta guda ɗaya ce: kowane yaro ya taɓa da hannunsa, ya auna, ya faɗi abin da ya gani. Jawabin buɗe taro kada ya wuce minti goma.

A ƙauyukan Kano da Jigawa, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An gama girbin gero, yara sun dawo aji, ba ruwan sama, kuma zafin bazara bai shigo ba. Mai son jingina taron da wata rana ta duniya yana da 10 ga Nuwamba, ranar kimiyya ta UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko 11 ga Fabrairu, ranar mata da 'yan mata a fannin kimiyya. A guji Juma'a, a guji watan azumi, a kuma guji ranar kasuwar yankin. Duk makarantar da ke kusa da Maigatari ta sa taro ranar Alhamis, ko ta kusa da Ɗambatta ta gayyaci iyaye ranar Lahadi, kujeru za ta yi wa bayani.

Sati uku kafin ranar, shugaban makaranta ya rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma idan firamare ce, ko ofishin shiyya idan sakandare ce. Daga nan a tafi da shugaban SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, a gai da dagaci da limamin gari, a faɗa musu dalla-dalla abin da za a yi, don kada labari ya isa kunnensu a karkace. Liman zai sanar a masallaci. Mata kuwa sai an ware musu lokacinsu bayan la'asar, malama ko manyan ɗalibai mata su tsaya a tebura, in ba haka ba ba za su fito ba. Masu taimako ana samunsu a kusa: ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, da 'yan hidimar ƙasa. Ɗan garin da ke karatu a can ya fi baƙo amfani, saboda yara sun san gidansu.

Lissafin tsarin mai sauƙi ne. Tebur shida a inuwa, kowanne da yara goma, babba ɗaya da manyan ɗalibai biyu da aka koya wa aikin tun jiya. Minti 12 a kowane tebur, minti 3 na canji, a buga ƙararrawa. Zagaye ɗaya ya ci minti 90 ya ɗauki yara 60. Zagaye biyu da safe, daga 8:30 zuwa 10:00 da daga 10:15 zuwa 11:45, yara 120 ke nan. Idan makarantar ta fi haka, a ƙara rana ta biyu. Da zarar yara sun haura sha biyu a tebur ɗaya, masu ƙarfi ne za su mamaye gaba, ƙanana da 'yan mata su koma kallon ƙeya.

Teburin zoɓo shi ne mafi arha, kuma shi ya fi jan ido. A jiƙa busasshen zoɓo cikin hannu ɗaya a tafasasshen ruwa lita ɗaya na kwata ɗin awa, ba sukari, ba citta, a tace, a bari ya huce. Sai a sirka shi da ruwa har ya zama ana hango yatsa ta cikin kofi. Nan ne aka fi yin kuskure: zoɓo mai kauri irin na sha ba ya nuna canjin launi, duhunsa ya yi yawa. A yanke gindin gorunan ruwa na roba masu haske su zama kofuna, kowane yaro biyu kofi huɗu. A ɗiga ruwan lemun tsami a na farko, ruwan tsamiya a na biyu, ruwan kanwa a na uku, tataccen ruwan toka a na huɗu. Masu tsami za su ƙara wa jan haske kawai, domin shi kansa zoɓon mai tsami ne. Kanwa da toka kuwa za su juya shi ya yi duhu, ya karkata zuwa kore. Sai a ce wa yaro ya riƙa ɗiga lemun tsami a kofin kanwa yana ƙirga ɗigo har jan ya dawo. Wannan ƙirgen shi ne darasin: tsami da kanwa suna kashe juna, kuma ana iya auna nawa ke kashe nawa. Iyaye mata sun riga sun san haka daga tukunyar miya, abin da ya rage kawai su ga launin. Kowane kofi da cokalinsa, in an haɗa cokali ɗaya duk kofunan za su rikiɗe kafin zagaye na biyu.

Kusa da shi a sa teburin balan-balan. Ruwan lemun tsami mililita 100, wato kamar kashi ɗaya cikin biyar na gorar rabin lita, a zuba a gora. Dakakkiyar kanwa mai laushi cokalin shayi ɗaya da ɗan ƙari a ɗura cikin balan-balan da mazurarin takarda, a sa bakinsa a bakin gorar, a ɗaure da robali, sannan a ɗaga kanwar ta zube. Iskar kabon da ke fita ce za ta kumbura shi. In bai tashi ba, dalili ɗaya ne cikin uku: kanwar ba ta daku ba ko ƙasa ta yi mata yawa, bakin yana yoyo, ko balan-balan ɗin sabo ne mai tauri. A hura shi sau biyu a sace kafin a fara. Ƙara kanwa ba ya gyara komai, tsamin ne ke ƙarewa.

Teburin da ya kamata a daɗe a kansa shi ne na tukunya cikin tukunya, don tarihinsa na gida ne. Marigayi Muhammad Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse, shi ya yaɗa wannan dabarar sanyaya kayan miya ba da wutar lantarki ba a ƙauyuka, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. A samo tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, ƙaramar ta shige cikin babbar a bar tazarar yatsa biyu a kewaye. A zuba yashi a gindin babbar har bakunansu su daidaita, a cika tazarar da yashin rafi da aka tankaɗe, a jiƙa shi sosai, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya, iska tana kwashe shi, yana tafiya da zafin ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. A haɗa ta tun daren jiya, don sanyin ba ya sauka nan take. Yara su auna zafin ciki da na waje su rubuta a allo kowane zagaye. A lokacin rani da rana tsaka akan ga bambancin maki biyar zuwa goma. Ma'aunin zafi na asibiti ba zai yi ba, daga wajen maki 35 yake farawa, sai an aro na ɗakin gwaji daga sakandare. Idan aka ajiye tukunyar a lungun da iska ba ta ratsawa, ko aka bar yashin ya bushe, ko aka yi amfani da ƙasa mai laka wadda ke toshe ƙofofin tukunyar, ba za a ga komai ba. Da damina ma aikinta yana raguwa, saboda iskar ta riga ta ƙoshi da danshi. Don iyaye, a sa tumatir da yalo a ciki kwana biyar kafin taro, a ajiye irinsu a kwando a gefe, a bar ido ya yi hukunci.

Teburin ruwa kuma gora biyu ce cike da ruwan kududdufi mai laka. A ɓare busassun 'ya'yan zogale, a daka farar ƙwayar ta yi gari, ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya. A dama da ruwa kaɗan, a zuba a gora ɗaya, a girgiza da ƙarfi na minti ɗaya, a juya a hankali na minti biyar, a ajiye kada a taɓa. Garin yana kama lakar ta dunƙule ta kwanta. Abin yana cin awa ɗaya, saboda haka rukunin farko su haɗa, na ƙarshe su duba sakamako, a kuma tanadi wadda aka haɗa da sassafe don nunawa. Dole mai tebur ya faɗa da babbar murya cewa ruwan da ya yi garau bai zama na sha ba sai an tafasa shi. Kada wani yaro ya koma gida da akasin haka.

Teburin maganaɗisu yana buƙatar ƙusa mai inci huɗu, siririyar wayar jan ƙarfe mita biyu daga wajen masu gyaran fanka, da babban batirin tocila. A naɗa wayar a jikin ƙusa zagaye 50, duk ta fuska ɗaya, a kankare bakunan biyu da reza har su yi ƙyalli, a danna su a kai da gindin batir. Ƙusar za ta ɗauki allura da ƙananan ƙusoshi. Yara su gwada zagaye 20, 40 da 60, su ƙirga abin da kowanne ya ɗauka. Matsalar kusan kullum ita ce ba a kankare wayar ba: tana da siririn shafi mai hana wuta wucewa wanda ido ba ya gani sosai. Wayar tana zafi, batir kuma yana mutuwa da wuri, don haka daƙiƙa goma a saki, a kuma tanadi batir shida. Babba ne zai riƙe rezar. Ba batirin mota, ba na waya, ba wutar soket.

Na shida na manoma ne, kuma sai an fara shi sati ɗaya kafin ranar. A ɗebo iri daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, a ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, a jera goma-goma a kan jiƙaƙƙen buhu, a naɗe, a ajiye a inuwa, a yayyafa ruwa safe da yamma. A yi na gero, dawa da wake, daga gidaje daban-daban, amma a sa lamba maimakon suna, kada a kunyata kowa. Ranar taro yara su warware su ƙirga waɗanda suka tsira. Sama da 80 iri ne mai kyau, ƙasa da 60 gara a nemi wani kafin damina. Iskar hunturu tana busar da buhu cikin sa'o'i kaɗan, ruwa in ya yi yawa kuma iri ya ruɓe.

Bayan zagaye na biyu, kowa ya taru a fili wajen sandar inuwa. Tun da safe a kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a daidaitaccen wuri, a tabbatar ta miƙe da igiya mai dutse a ƙarshenta. Duk minti goma, daga 11:45 zuwa wajen ɗaya, yaro ya sa tsakuwa a bakin inuwar. Inda ta fi gajarta nan ne zawali, kuma layin da ya tashi daga gindin sanda zuwa wannan tsakuwa shi ne kudu da arewa. Yara za su yi mamakin ganin ba sha biyu daidai ba ne. Agogon Najeriya an saita shi ne da layin da ke gabas da mu, saboda haka a Kano zawali yana zuwa wajen 12:10 a farkon Nuwamba, wajen 12:40 a Fabrairu. A gabashin Jigawa yana riga haka da 'yan mintuna. Wajen 21 ga Afrilu da 21 ga Agusta kuwa rana tana bi ta tsakar kai a yankin Kano, inuwar sandar ta kusan ɓacewa. Daga layin arewa ana iya fitar da alƙibla, wadda a Kano take wajen digiri 68 daga arewa zuwa gabas. A gayyaci liman ya tsaya a wurin, a kuma bar batun masallatan gari a hannunsa. A gargaɗi yara tun farko: inuwa ake kallo, ba a ɗaga ido a kalli rana.

Bokitin ruwa mai tsabta ya kasance kusa da teburan kanwa, don in ta shiga ido a wanke nan take da ruwa mai yawa. Ba a ɗanɗana komai a kowane tebur, har da zoɓon. Kowane yaro a ba shi takarda guda mai gida shida, ya rubuta ko ya zana abin da ya yi zato da abin da ya gani, da Hausa in ya fi masa sauƙi. Da yamma a wanke kofuna, a kwance wayoyi, a cire batura, a zuba komai a akwati ɗaya a rubuta jerin kayan a murfinsa. Tukunyar kada a wargaza ta. A ba aji ɗaya amanarta na sati biyu, su riƙa jiƙa yashin safe da yamma, suna rubuta zafin ciki da na waje a gefen allo da ƙarfe ɗaya na rana.